Ƙannena, Ku San Dalili Kafin Ku Ɗora Tukunya

Assalamu alaikum, ƙannena 'yan mata da amare, har da ku samarin da karatu ko neman abinci ya raba da tuwon gida.

Makon jiya wata ƙanwata, wata uku da aure, ta kira ni murya na rawa. Dangin mijinta suna hanya, ta haɗa ƙullun waina tun da safe, ga azahar ta gota ƙullu yana kwance a roba yadda ta bar shi. Tambaya ɗaya na yi mata: da wane irin ruwa kika jiƙa yis ɗin? Ta ce tafasasshe, wai don ya yi saurin tashi. Sau uku ta kalli bidiyon yadda ake waina a waya, ta haddace komai, amma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa yis abu ne mai rai. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Kuna kwaikwayon hannun mai girki, ba ku tambayar me ya sa ta yi haka. Ranar da abu ya karkace, sai a rasa ta inda za a gyara.

To, yis yana da rai. Suga yake ci, ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius kashe shi yake yi, balle tafasasshe. Ruwa mai ɗumi-ɗumi yake so, irin wanda za ki yarda ki yi wa jariri wanka da shi. Kuma kada ki amince da yis ɗin da ya daɗe a buɗe sai kin gwada shi: ɗan ruwan ɗumi a kofi, ƙaramin cokali na suga, ki zuba yis ki ba shi minti 10. In ya yi kumfa, bismillah. In ya kwanta shiru, zubar da shi ya fi miki arha a kan asarar kwanon shinkafa. Abin da muka yi ke nan ranar: ta aika aka sayo sabo, ta tayar da shi a kofi, ta juye a ƙullun, baƙi suka ci waina bayan la'asar. Ki kuma lura da yanayi. Da hunturu ƙullu nawa yake yi, sai kin rufe shi kin sa a rana ko kusa da murhu. Da bazara kuwa kafin ki juya ya cika roba, in kika yi sake ya wuce ya yi tsami. In hakan ta faru, ɗan ruwan kanwa kaɗan yana karya tsamin. Haka dokar take ga fanke, funkaso da sinasir.

Ƙosai shi kuma ba ruwansa da yis, iskarsa a damtsenki take. Iyayenmu da kike gani suna zaune suna bugun ƙullu da ludayi har gumi ya keto musu, ba rashin aikin yi ba ne, iska suke cusa masa. Kada ki bari mai inji ya cika miki ruwa wajen markaɗe. Ki buga har ƙullun ya yi haske ya ƙara auki, sannan ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa. In ya taso sama ya bugu. Gishiri sai za ki fara suya. Man kuma ki gwada shi da ɗigon ƙullu: in ya nutse ya zauna a ƙasa, mai bai yi zafi ba, ƙosan zai sha mai ya yi nauyi. In kuma mai yana hayaƙi, bayan ƙosai zai ƙone cikinsa ɗanye. Kada ki cika kasko don ki gama da wuri, yawan ƙullu yana sanyaya mai.

Mu zo kan kek, inda na fi ganin ana asarar kuɗi. Miya tana karɓar ƙiyasi, ki ɗanɗana ki ƙara. Kek ba ya karɓa, don da zarar ya shiga wuta magana ta ƙare. In ba ki da sikeli, ki ware gwangwani ɗaya ko kofi ɗaya, da shi za ki auna komai, ki share bakinsa da bayan wuƙa, kada yau a yi tozo gobe a yi rabi. Ki tankaɗe fulawa. Ki buga bota da suga har su yi fari su yi laushi, nan ne wurin wahala, nan kuma taushin kek yake. Ƙwai ki riƙa fasa kowanne a kofi daban kafin ki juye, domin baragurbi ɗaya ya isa ya ɓata haɗin duka. Wanda kike shakka ki sa shi a ruwa, sabo yana nutsewa, wanda ya taso ya yi iyo ki rabu da shi. Da fulawa ta shiga kuwa, bugu ya ƙare. Ki juya a hankali har ta ɓace, ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa shi ke sa kek ya yi danƙo da tauri, sai a ɗora wa murhu laifi.

Ki kunna oben ya yi zafi kafin kek ya shiga, yawancin kek a digiri 180 ake gasa shi, kuma ki haƙura da leƙe a minti 20 na farko, don iskar da ke shiga tana sa tsakiyarsa ya lotsa. Wadda ba ta da oben kada ta karaya. Babbar tukunya mai kauri, yashi mai tsabta a ƙasanta, a rufe a bar shi ya ɗau zafi, a ɗora gwangwanayen a kai, wuta kaɗan-kaɗan. Da haka aka yi kek ɗin bukukuwa da yawa a unguwanninmu. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya gasu. Sannan ki bambance bekin foda, wadda wasu ke kira baƙar hoda, da soda, wato bekin soda. Soda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sai da abu mai tsami kamar nono ko lemon tsami take aiki. In kika musanya su cokali da cokali, kek zai fito da ɗanɗanon sabulu. Kuma don Allah, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon girki a gwada shi ranar da babu baƙo.

Akwai abin da ke damuna fiye da kek, shi ne yadda kuka mayar da magi maganin kowace matsala. Miya ba ta yi daɗi ba, a ƙara dunƙule biyu. Alhali sau da yawa ba magi ta rasa ba, soyuwa ta rasa. Kayan miya suna so a soya su a kan matsakaiciyar wuta har ruwansu ya ƙone, mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Wadatacciyar albasa, daddawa mai kyau da aka daka, citta, tafarnuwa, masoro, ɗan kanumfari, su ne ke ba miya ƙamshin da ake jiyowa daga zaure. Dunƙulen magi kuwa akasarinsa gishiri ne, ga shi kin riga kin zuba gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a duk abin da zai ci. Ki dubi gidanku ki ƙirga masu hawan jini. Hannunki ne ke auna musu, wannan amana ce. Kanwa ma haka: kaɗan tana nunar da wake, tana ƙara wa kuɓewa yauƙi, amma in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran gina jiki, ta bar bauri a baki. Wake in kin jiƙa shi tun dare kin zubar da ruwan, zai nuna da wuri, kumburin ciki ma ya ragu. In gishiri ya zarce, zancen jefa dankali a miya don ya shanye shi bai taɓa gamsar da ni ba. Ki ƙara ruwa da kayan miya, shi ne gyaran gaskiya.

Tuwo ba zan tsaya a kansa ba. Ki dama talge da ruwan sanyi, ki bar shi ya dahu, ki tuƙa, ki rage wuta ya sulala. Kuka kuma a rage wuta, ana barbaɗawa ana kaɗawa, ba za ki ga gudaji ba.

Wayar nan ki ajiye ta in kin ɗora mai a wuta, ina roƙonki. In mai ya kama, kada ki kuskura ki watsa ruwa, wutar tashi za ta yi ta same ki a fuska. Kashe murhu, ki rufe kaskon da murfi, ki bar shi. In kin ji warin gas, kada ki kyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe tukunyar gas, buɗe tagogi, ki fito da yara. Tiyon gas ana gwada shi da ruwan kumfar sabulu, inda yake yoyo za ki ga ƙwai-ƙwai na tasowa. Ku kuma samari, kada sanyin hunturu ya sa ku shiga da gawayi ɗaki ku kulle ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take ɗauke mutum.

In tsautsayi ya sa an ƙone, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ko wa ya ce a shafa. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororon, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko a fuska take, ko ƙaramin yaro ne, a wuce asibiti nan take.