Magudanar ruwa ba ta ƙarewa a ƙofar gidanka

Duk lokacin da ruwa ya ci wata unguwa, bakin mutane yakan tafi kan yawan ruwan da aka sheƙa, kamar dai sama ce kaɗai ke da hannu a cikin lamarin. Ni kuwa a ganina, yawancin ambaliyar da ke shiga gidaje a cikin gari, ruwan yana zuwa ne ya tarar an rufe masa hanya tun watanni kafin hadari ya haɗu.

Idan aka ce an yi ruwa na milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita. Ke nan rufin gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, lita 5,000 zai zubo ƙasa, kuma wannan gida ɗaya ne tak. A da ƙasa ce ke shanye kaso mai yawa, amma inda kwalta da siminti suka rufe ko'ina, dole ruwan ya bi kwata, kwata ta miƙa shi ga babbar magudana, ita kuma ta kai shi rafi.

A nan ne mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suke yin wahalar banza. Mutum zai yashe kwatar ƙofar gidansa tsaf, alhali kwalbatin da ke can gangare ya cika da yashi, don haka ruwan ya isa can ya rasa mafita, ya taru, ya juyo baya ya shigo masa ɗaki. Shi ya sa nake ganin yashewa daga mafitar ruwa ya kamata a fara ta, a riƙa haurowa sama, kuma da rani, lokacin da laka ta bushe tana ɗaukuwa da shebur. Wani abin takaici kuma shi ne a yashe magudana a jibge dattin a bakinta, ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi.

Leda kuwa ta fi yadda ake raina ta ɓarna. Guda ɗaya ce za ta maƙale a bakin kwalbati ta tare kara da ganye da robobi, gudun ruwa ya ragu, kuma da zarar ya ragu yashin da yake ɗauke da shi sai ya kwanta, ciyawa ta tsiro a kai. Ƙasar Bangladesh ta haramta ledoji marasa kauri a 2002 ne bayan an gano yadda suka toshe magudanai a manyan ambaliyoyin 1988 da 1998. A birnin Mumbai na Indiya, ranar 26 ga Yuli 2005, an yi ruwa na milimita 944 cikin sa'o'i 24. Gaskiya babu magudanar da za ta iya ɗaukar irin wannan ruwa, amma Kogin Mithi, wanda ya kamata ya kai shi teku, shara da gine-gine sun riga sun shaƙe shi, abin da ya ƙara munin ɓarnar. A Accra ma, ranar 3 ga Yuni 2015, mutane sun fake wa ambaliya a wani gidan mai, wuta ta tashi, kimanin mutum 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Ba na wanke masu fitowa da kwandon shara su juye a kwata da zarar ruwa ya sauko, domin sharar ba ɓacewa take yi ba, gidan na ƙasa da su take tafiya. Sai dai wanda ba a tanadar masa wurin zubarwa ko motar kwashewa ba, wa'azi kaɗai ba zai hana shi ba. Haka nan maƙwabta da shebur ba za su iya buɗe kwalbatin da ke ƙarƙashin babban titi ba, balle su rushe katangar da aka kafa a tsakiyar rafi. Wannan aikin hukuma ne, kuma abin da ya dace mazauna unguwa su yi shi ne su bi magudanarsu da ƙafa tun daga sama har inda take faɗawa rafi, su rubuta duk wurin da ta toshe, su kai takardar kafin damina ta kama.