Allura huɗu kacal, amma wai a jira gari ya waye

Daren jiya aka kai wata baiwar Allah wani asibitin gwamnati, cikinta mako 31, faya ta fashe. Mahaifiyarta ta miƙa katin awo da takardar sikanin, ta ce, "Sista, don Allah ki duba ta, cikin bai isa haihuwa ba." Sista ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba. "Mama, ku nemi benci. Likita sai da safe." Tsohuwa ta ƙara matsowa, murya na rawa: "'Yar nan, an ce akwai allurar da ke nunar da huhun jariri." Sai a lokacin ta ɗago. "To, tunda kin fi mu sani, ga ɗakin nan, shiga ki yi mata." Ta yagi takarda ta yi rubutu, ta tura mijin mai cikin kyamis da ƙarfe ɗayan dare, don ɗakin magani a kulle yake.

Wallahi wannan zalunci ne. Allurar dexamethasone ce fa, miligiram 6 a tsoka duk bayan awa 12, sau huɗu. Aikinta sa huhun bakwaini ya samar da maiƙon da ke hana shi mannewa, kuma ta fi amfani idan ta samu awa 24 kafin haihuwa. Duk awar da aka ɓata a kan benci, daga numfashin jaririn aka cire ta.

Ba kuma a yin ta da ka. Sai an tabbatar ciki na tsakanin mako 24 da 34, ana ganin haihuwa cikin kwana bakwai, uwa ba ta da zazzaɓi ko ruwa mai wari, mai ciwon suga kuma a bi sugarta, don allurar na ɗaga shi. Wa zai tantance wannan in likita ɗaya ke riƙe da asibiti guda?

Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, har da asibitocin Najeriya a ciki, ya nuna allurar na rage mutuwar bakwaini, amma a inda akwai oksijin da ɗumi da masu kula. Mu kuwa kwalbar jarirai na nan ba wuta, janareta ba mai. Ƙwayar wannan maganin tana nan jibge a kasuwa, ana sayar wa 'yan mata ita da sunan "sha ka fashe", ba mai hanawa. A ɗakin haihuwa ne kaɗai ake cewa babu. Kwamishinonin lafiya, ina kuɗin maganin gaggawa suke shiga?