Zurfin cikin maza ya fi ba ni tsoro

Gaskiya ne, halin namiji, kamar saurin fushi da zurfin ciki, na iya jefa shi cikin haɗarin kashe kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa haka duk shekara, galibi maza.

A nan Maradi zurfin ciki ya fi saurin fushi ba ni tsoro. Ɗan kasuwa ya karye bayan rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, bashi ya yi masa katutu, kunya ta hana shi faɗi, wai namiji ba ya kuka. Don Allah ƴan uwa, in abokinku ya bar zuwa fada, wato majalisar hira, ya daina barci, ku same shi gida, ku tambaye shi kai tsaye, ku raka shi wurin likita.