Bulala Ba Ta Shigar da Imani Zuciya

Assalamu alaikum. Nasihar yau tamu ce mu masu wa'azi, da malaman makaranta, da iyaye. Allah Ya faɗa wa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya, da mutane sun watse sun bar shi (Ali Imrana, 159). Wannan sunnar Allah ce, ba ta duba addinin mai kira.

A 1598 Juan de Oñate ya shiga ƙasar da ake kira Sabuwar Meziko, a kudu maso yammacin Amurka ta yanzu, da sojojin Sifaniya da fada-fada, wato limaman Katolika, 'yan ɗariƙar Faransis. Sun tarar da manoman masara masu gidajen laka, waɗanda Sifaniyawa ke kira Pueblo. Ɓarakar farko ita ce mai wa'azi ya zo a inuwar mai bindiga, sai talaka ya kasa raba su. Sannan harshe: mutanen nan na jin Tewa, Tiwa, Keres, Zuni da Hopi, amma kaɗan ne cikin fada-fadan suka ƙware a ɗaya, sai dai tafinta. Alhali Allah bai aiko manzo ba sai da harshen mutanensa (Ibrahim, 4).

Ga kuma haraji. Kowane gida na biyan awon masara da mayafin auduga duk shekara, ga aikin tilas a gona da ginin majami'a. Da fari da yunwa suka zo wajen 1670, ga harin ƙabilar Apache, ba a sassauta ba. Ku tuna wasiyyar Annabi ga Mu'azu da zai tafi Yaman: ya bi mataki mataki, ya bar wa mutane zaɓaɓɓiyar dukiyarsu, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah.

Sai aka koma ga duka. An kutsa ɗakunan ibadarsu na ƙarƙashin ƙasa, an ƙone fuskokin dodanninsu. A 1675 gwamna Treviño ya kama manyan bokayensu 47, ya rataye uku, ya bulale sauran. Cikin waɗanda suka sha bulalar akwai wani mai suna Popé. Shekara biyar yana shirin tawaye. Ya aika 'yan gudu gari gari da igiya mai ƙulli, kullum a kwance ɗaya, ranar da ƙulli ya ƙare a tashi.

Ranar 10 ga Agusta 1680 aka tashi. An kashe Sifaniyawa kusan 400, har da fada-fada 21. A Santa Fe, babban birninsu, aka datse musu hanyar ruwa, dole sauran, kimanin mutum 2,000, suka yi kudu zuwa El Paso.

Mai yi wa yaro horo da dorina har ya haddace, mai tilasta wa na ƙasa da shi don yana cin abincinsa, ya dubi abin da ya biyo baya. Mutanen da aka shafe shekara tamanin ana ƙirga su cikin masu bi suka ƙone majami'u, suka watsar da sunayen da aka raɗa musu, suka shiga kogi suna cuɗa jiki da saiwar yuka, sabulun gargajiyarsu, don wanke baftisma. Sifaniyawa ba su sake karɓar ƙasar ba sai 1692.