Ranar da Dieffenbachia ta ɗaure min harshe

Dieffenbachia ɗin nan, shukar ado ta falo, ta yi zanƙalalan tsawo, ganyen ƙasa duk sun zube, sai kara tsirara da ɗan tuntu a sama. Haka take yi idan ta tsufa ko haske ya yi mata kaɗan. Gyaran ba wuya: a sare kan, a yanka karan gunduwa-gunduwa, kowace santimita 5 zuwa 8 da gaɓa aƙalla ɗaya, a bari yankan ya sha iska ya bushe, sannan a kwantar a ƙasa mai sako-sako, rabi a binne, idon gaɓar yana kallon sama.

Darasin da nake ba ƙanwata ke nan, maigidanta na gefe yana latsa waya. Safar hannu na hannuna, wuƙa a dama, gunduwa a hagu, sai tukunya ta karkata. Kafin ka ce kwabo na cafke gunduwar da haƙora na tare tukunyar.

Shukar nan daga dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ta fito, kuma ruwan jikinta cike yake da mitsi-mitsin allurai na sinadarin kalsiyam oksalet. Ido ba ya ganinsu, amma harshe yana jinsu. Da farko raɗaɗi ne a leɓe. Na dake, na ci gaba da bayanin ban-ruwa. Sai harshe ya fara nauyi, yawu na zuba ba ƙaƙƙautawa, leɓen ƙasa ya yi suntum. Ina son in ce "a kawo ruwa", abin da ya fito ko ni ban gane shi ba.

Sai bawan Allahn nan ya ɗago kai: "Yaya, maimaita, ban ji ba."

Na maimaita. Ya ce, "Af, Yaya, sunan shukar ke nan?" Har da riƙe ciki. Mutumin da murtsunguwa ta mutu a hannunsa! Kun dai san shi. Dieffenbachia ɗin da na ba shi bara, na faɗa masa kada ya zuba ruwa sai saman ƙasar ya bushe kamar santimita 2 zuwa 3. Kullum sai ya cika ta, ga faranti a ƙasa ruwa kwance, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, ya ce wai mai ciwo na ba shi.

Ƙanwata ce ta kawo agaji: kurkure baki da ruwa mai yawa a tofar, sai tsotsar ƙanƙara. Da kumburin ya gangara maƙogwaro ko numfashi ya fara wuya, sai asibiti kai tsaye. Shi ya sa ba a ajiye ta inda yara ko kyanwa za su kai.

Zuwa dare bakin ya saɓe. Da za su tafi, wai in ba shi gunduwa biyu. Tukunyar bara ma bai dawo min da ita ba.