Kisan D'Angelo ba gaggawa ba ne

Malam, ka ce an yi gaggawar kashe D'Angelo Barksdale a The Wire, shirin talabijin na Amurka kan 'yan sanda da dillalan ƙwaya. Ban yarda ba. Tun ƙarshen zango na farko, a 2002, aka ɗana tarkon: bayan an kama shi, ya fara ba 'yan sanda haɗin kai, uwarsa Brianna ta lallashe shi ya ja bakinsa, aka yanka masa shekara 20. A kurkuku ya juya wa kawunsa Avon, shugaban ƙungiyarsu ta dillalan ƙwaya, baya, hankalin Stringer Bell, na hannun daman Avon, ya tashi kada ya tona musu asiri. Stringer ya sa aka shaƙe D'Angelo da bel, aka ɗaure a mariƙin ƙofa kamar shi ya rataye kansa. Wannan ƙaryar ɗan sanda McNulty ya tono a zango na uku, kuma ita ta ƙara rura wutar gaba tsakanin Avon da Stringer.