Atisayen gobara da ƙofa a kulle

Jama'a, atisayen gobarar da ake yi a ofisoshi da makarantu da asibitocin ƙasashe masu tasowa, galibinsa wasan kwaikwayo ne. Ƙararrawa ta kaɗa, wannan ya ɗaga kai ya ci gaba da rubutu, waccan ta tsaya laluben jaka da caja, wani ya leƙa ya ga ko oga ya motsa tukuna. Can a sauko ana hira, kowa ta ƙofar da ya shigo, a jeru a fili a ɗauki hoto. Ƙofar gaggawa kuwa tana bayan matakala, an jibge mata karyayyun kujeru, kwaɗon ya yi tsatsa, mai makullin ya fita cin abinci.

Ana yawan cewa mutane ne ke da sakaci. Ni dai masu ginin nake tuhuma, don sun fi tsoron ɓarawo a kan wuta. A Nuwamban 2012, a masana'antar tufafi ta Tazreen da ke Bangladesh, ƙararrawa ta kaɗa, shugabanni suka ce wa ma'aikata su koma kan kekunansu na ɗinki. Aƙalla mutum 112 suka rasu. Wata biyu kafin nan, fiye da 250 ne suka halaka a wata masana'anta a Karachi: tagogi an danne da ƙarfe, ƙofofi a garƙame. Wane atisaye ne zai fid da mutum ta ƙofar da aka sa wa kwaɗo?

Masu cewa a riƙa yi wa mutane ba-zata don su ji a jikinsu, su ma su bi a hankali. A 2015, 'yan watanni bayan harin da 'yan ta'adda suka kai jami'ar Garissa ta Kenya, jami'ar Strathmore ta Nairobi ta yi atisayen harin ta'addanci, ɗalibai da yawa ba su da labari. Aka yi ta dirowa ta taga, wata ma'aikaciya ta rasa ranta.

A fara sanar da kowa, a nuna masa hanya biyu, a hana hawa lif, a koya masa duƙawa, tunda hayaƙi ke riga harshen wuta kisa. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, don taron da ya matsu ba ya ja da baya. Mai keken guragu da majinyacin da ke kan gado, a san sunan wanda zai sauko da su tun kafin ranar. In an taru a fili a ƙirga mutane, sannan jami'in kashe gobara ya zagaya da kansa ya tura kowace ƙofa. Wadda ta ƙi buɗewa, a ci tarar mai ginin nan take.